Saƙon Ƙarfe Goma da Minti Ashirin

A masana'antar kwalin da take aiki, doka ce ba a shiga wurin injuna da waya. Tun shekarar da wuƙar injin yanka ta ɗauke wa wani ma'aikaci yatsu biyu yana cikin amsa kira, duk mai aikin inji in ya zo da safe sai ya jefa wayarsa a akwatin ƙarfe mai lamba, ya kulle, ba zai ƙara ganinta ba sai an tashi ƙarfe huɗu. Mai neman ma'aikaci da gaggawa sai dai ya kira wayar ofis. Wayar ofis kuwa tana kan teburin Sakatariya.

Shekara tara tana kan wannan teburin. Ofishin ƙarami ne, da taga ɗaya mai kallon farfajiya, da fanka mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, da kabad ɗin fayil da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa. Idan kira ya shigo takan rubuta a 'yar takarda, ta kwafa a littafin saƙo, ta kai wa shugaban sashe takardar da ƙafarta. Ma'aikata har tsokanar ta suke yi, wai duk wanda ya hango ta ta doso da takarda a hannu sai cikinsa ya ɗuri ruwa, sun fi son fuskarta ranar da ta fito raba takardun hutu. Ba a taɓa jin saƙo ya yi ko minti biyar a hannunta ba.

Abin da babu wanda ya sani a wurin shi ne halin da take ciki a gida. Mahaifinta tsohon malamin lissafi ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan. Abin ya fara da 'yar mantuwa, makulli a cikin firji, gishiri a cikin shayi. Daga baya ya koma tambayar ta ajinta nawa, kuma me ya sa ba ta sa kayan makaranta ba. Sannan aka shiga fita. Da safe sai ya sa takalmi, ya soka biro a aljihu, ya ce an kusa kaɗa ƙararrawa. Makarantar da yake nufi an daɗe da rushe ta, an jera shaguna a wurin.

Yayanta yana wani gari mai nisa da iyalinsa. Yakan kira ranar Lahadi ya ba da shawara, a rage wa Baba sukari, a riƙa jan sa da hira. Ita kuma ta ce masa komai da sauƙi. Kullum takan kulle ƙofar waje, ta bar makullin a hannun maƙwabciyarsu, wata dattijuwa mai ciwon gwiwa, wadda takan leƙa shi sau biyu kafin rana ta yi tsaka.

Aiki ya fara tona mata asiri. Ta soma latti. Ta aika wasiƙar wani kamfani zuwa wani kamfanin daban. Ta buga takarda da kwanan watan jiya. Manaja mutum ne mai tsadar magana, amma sau biyu yana tsayawa bakin teburinta ya tambaye ta ko akwai abin da ke damun ta. Sau biyun duka ta ce lafiya lau, ranka ya daɗe. Bakinta ya ƙi buɗuwa ta ce mutumin da ya koyar da rabin unguwarsu lissafi yanzu ba ya gane ƙofar banɗaki. Kuma tana tsoron a fara kallon ta a matsayin wadda aikin ya fi ƙarfinta.

Ranar wata Laraba, ƙarfe goma da minti ashirin, wayar ofis ta yi ƙara. Muryar mace ce, tana rawa. Ta ce ita ce ƙanwar Bahago, mai aiki a injin naɗi. Kowa ya san Bahago, wani shiru-shiru mai faɗin kafaɗa, wanda in an miƙa masa kaya hannun hagu ne ke fara tarba.

"Don Allah, Anti, a gaya wa Yaya ya zo asibiti yanzu. Inna ce. Likita ya ce a kira shi. Sai sunansa take ta kira."

Ta ƙara da cewa ta yi ta buga wayarsa har tata ta mutu, wannan ma aron ta wata mata ta yi a ɗakin jinya. Sakatariya ta ce ta kwantar da hankalinta, yanzun nan zai ji. Ta yagi takarda ta rubuta. Ta miƙa hannu za ta jawo littafin saƙo kenan sai wayarta ta hannu ta ɗauki ruri a cikin jaka. Maƙwabciya ce, tana haki. Ta ce ta buɗe ƙofa za ta shigar masa da ruwan zafi, ta juya ɗauko kofi, kafin ta waigo Malam ya fice. Ta bi shi har bakin titi, gwiwa ta hana ta, yanzu ba ta san inda ya nufa ba.

Sakatariya ba ta san lokacin da ta cusa takardar a aljihun jaka ba. Manaja yana can wurin taro. Ta gaya wa mai gadi za ta kai wasiƙa gidan waya, ta tare abin hawa.

Awa biyu tana yawo. Ta je inda makarantar take a da, ta bi layin shagunan ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa kasuwa, ta duba bakin babbar kwata. A ƙarshe ta same shi a wata tashar bas, zaune kusa da mai sayar da jarida, yana gyara masa lissafin da ba kuskure a ciki. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Da ya gan ta ya ɗaure fuska, ya ce ta makara, ta tsaya a bayan aji. Ta durƙusa ta kama hannunsa, ta ce ta tuba, Malam. Ta kai shi gida, ta wanke masa ƙafar da ta yanke, ta ba shi abinci, ta jira ya kwanta.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta koma ofis. Babu wanda ya lura ta daɗe. Ta zauna ta buga takardu uku, kanta babu komai sai ƙafar Baba da motocin da ke wucewa gab da inda ya zauna.

Ƙarfe huɗu aka tashi. Ta taga ta ga ma'aikata suna buɗe akwatunansu, ana hayaniya ana dariya. Ta ga Bahago ya fito da waya a kunne. Ya tsaya cak a tsakiyar farfajiya, sannan ya zauna a ƙasa, a kan siminti, kamar wanda aka zare wa ƙashi. Mutane suka zagaye shi. A lokacin ne hannunta ya tafi aljihun jaka da kansa.

Washegari da safe Manaja ya shigo ofishinta. Ya ce mahaifiyar Bahago ta rasu jiya ƙarfe ɗaya saura kwata, kuma danginsa na cewa sun kira nan tun da hantsi. Ya jawo littafin saƙo ya buɗe shafin Laraba. Babu komai a ciki sai kiran wani direba.

"An kira?"

Ta dubi shafin. Fari tas.

"Ban ɗauki wani kira irin wannan ba, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san da wuya, mutum in ya ruɗe yakan buga lambar da ba ita ba. Ya fita. Ta bi bayansa da kallo tana jiran bakinta ya kira shi. Bakin bai kira ba.

Ranar Asabar aka cika motar kamfani aka tafi yi wa Bahago gaisuwa. Ta so ta zame, amma rashin zuwanta sai ya fi zuwan jawo ido. Gidan ɗan ƙarami ne a ƙarshen wani lungu, an jera kujerun roba har waje. A ɗakin mata wata siririyar budurwa mai kumburarrun idanu tana zagayawa da ruwa, aka ce ita ce ƙanwar. Sakatariya ta sunkuyar da kai, ta yi gaisuwar a cikin maƙogwaro yadda ba za a ji muryarta ba. Yarinyar ta miƙo mata kofi, ta yi mata godiyar zuwa.

A nan ta ji sauran labarin daga bakin wata gwaggonsu, wadda ba ta iya raɗa ba. Wai tun ranar Bahago bai ƙara yi wa ƙanwarsa magana ba. Ita ta rantse ta kira ofis, wata mata ta ɗauka ta ce yanzu zai ji. Shi kuma ya tambayi Manaja, an duba littafi babu. Matar da ta ara mata waya an sallame su, ba a san inda za a same ta ba. Ya ce ta san sarai ba ya riƙe waya a bakin aiki, ta zauna tana buga wayar da ke kulle a akwati har Inna ta cika, yanzu kuma ta zo tana rufe sakacinta da ƙarya. Gwaggon ta ce su biyu kaɗai tsohuwar ta bari, ga shi ko kwano ɗaya sun daina haɗawa.

Bayan mako guda Bahago ya dawo aiki. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya shigo sa hannu a takardar dawowa ya gode mata da ta je har gida. Fankar na ta kukanta, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce wannan ai mai take so. Da rana sai ga shi da 'yar kwalbar mai da sukundireba. Ya hau kujera ya gyara, fankar ta yi shiru a karon farko cikin shekaru. Sakatariya ta ce an gode, ta shige banɗaki ta kunna famfo ta daɗe a tsaye.

Takardar tana nan a jakarta. Sau uku tana fito da ita za ta yaga, tana mayarwa. Abinci ya daina yi mata daɗi. In wayar ofis ta yi ƙara sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta riƙa yi wa kanta lissafi a hanya, a layin bas, a bakin murhu. Daga masana'anta zuwa asibitin minti arba'in ne, ko da cunkoso awa ɗaya. Daga teburinta zuwa wurin shugaban sashe taku sittin ne, ta taɓa ƙirgawa. Ƙofar fita da ƙofar wurin injuna a jere suke. Da ta karkata hagu kafin ta fita, shi ke nan. Wani lokaci takan ce wa ranta ai kowa ya ji ubansa ya ɓace haka zai yi. Wannan ta yarda da shi. Abin da ta kasa samar wa uzuri shi ne na safiyar Alhamis, lokacin da Baba ke gida lafiya, ita kuma tana zaune a kujerarta da hankalinta cikakke, ta dubi Manaja ta faɗi abin da ta faɗa.

Shi ma Bahago aiki ya fara kuɓuce masa. Ya naɗe kwali ɗari uku a kan awon da ba shi ba, aka zubar. Ya bar inji yana gudu ya tsaya yana kallon bango, har sai da na kusa da shi ya daka masa tsawa. Ranar wata Litinin hannun rigarsa ya shiga tsakanin rodi biyu na injin, Allah ya sa tsohuwar riga ce, ta yage ta bar masa hannunsa.

Da yammar ranar Manaja ya kira Sakatariya ta ɗauki wasiƙa. Takardar gargaɗi ce ga Bahago. Ya ce ba da son ransa ba, amma in ba a rubuta ba gobe hannu ne zai tafi. Ya fara faɗa tana rubutawa, sakaci a bakin aiki, rashin mai da hankali, jefa kai da abokan aiki cikin haɗari. Ta rubuta layi biyu, biro ya tsaya. Manaja ya ɗauka bai yi magana da ƙarfi ba, ya maimaita. Ta ajiye biron, ta buɗe jaka, ta ɗora 'yar takardar a gabansa. Ta yi laushi saboda yawan naɗewa, amma rubutun na nan, da lokacin a sama.

Ta faɗa masa komai, daga makulli a firji har zuwa gidan wayar da ba ta je ba. Bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanu.

"Sau biyu na tambaye ki," in ji shi. "Da kin ce mahaifinki ba lafiya, da na sa an ja wayar nan zuwa ɗakin mai gadi tun tuni, don a riƙa ɗauka in kin fita. Aikin rabin yini ne."

Ya ce fitar da ta yi ba da izini ba zai iya haɗiye ta, shi ma yana da iyaye. Amma ta bar shi ya dubi mutumin da ke cikin makoki ya ce masa ƙanwarsa ba ta kira ba, wannan ta sa shi ya yi ƙarya da bakinsa. Ya ce za ta tafi dakatarwar mako biyu, kuma takardar za ta shiga fayil ɗinta. Ta Bahago a ajiye tukuna. Ya tambaye ta ko shi zai gaya masa. Ta ce a'a, ita za ta faɗa.

Ta sami Bahago a bayan sito, wurin famfo, yana wanke hannu. Ta tsaya nesa kaɗan ta faɗa masa, ba ta sa Baba a gaba ba, sai da ta gama faɗin nata laifin sannan ta ambaci dalilin fitar. Ya bar famfon yana zuba.

"Ƙarfe nawa ta kira?"

"Goma da minti ashirin."

Ta ga leɓɓansa suna motsi, yana lissafin da ita ta yi sau ɗari. Ya rufe famfon a hankali. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ce ranar jana'iza ƙanwarsa ta riƙe masa riga tana kuka, ya fizge a gaban mutane. Ya ce shi ba shi da abin da zai ce mata yanzu, in tana da magana ta kai wa mai ita.

Washegari da hantsi ta je gidan. Ƙanwar tana tsakar gida tana wanki. Sakatariya ta yi sallama da cikakkiyar muryarta, yarinyar ta ɗago, hannunta cikin kumfa. Ta saurare ta har ƙarshe ba ta ce ta zauna ba. Sannan ta ce tun ranar gaisuwa ta yi zargin ita ce, don ta ji an kira ta Sakatariya, kuma ta ga yadda ta ƙi haɗa ido da ita. Amma wa zai yarda da ita a kan littafin ofis? Ta ce abin da ya fi ci mata rai ba zagin Yaya ba ne. Ta koma bakin gado ta ce wa Inna an gaya masa, yana hanya, kuma Inna ta yi ta kallon ƙofa.

Sakatariya ta ce ba ta zo neman a ce ba komai ba. Ta zo ne ta faɗa, kuma in ana so ta maimaita a gaban gwaggonsu da duk wanda ya ji zargin, za ta maimaita. Yarinyar ta ce ana so. Aka kira gwaggo daga ɗaki, da wasu mata biyu na maƙwabta, ta tsaya a tsakar gidan ta sake faɗa daga farko. Gwaggon ta yi ta tafa hannu tana salati. Da za ta tafi, yarinyar ta raka ta bakin ƙofa, ta tambaye ta ko shi tsohon an same shi lafiya. Ta ce an same shi. Yarinyar ta ce to madalla, ta koma kan wankinta.

A makon farko na dakatarwar ta kira yayanta, ba ta jira Lahadi ba. Ya fara zancen sukari, ta ce ya saurara. Ta gaya masa Baba ya ɓace sau huɗu, ba sau ɗaya ba, ta gaya masa abin da ɓatan ƙarshe ya jawo wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ya ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce shi ma bai taɓa zuwa ya gani ba. Ya zo ranar Juma'a. Suka kai Baba wurin likita, suka samo wani ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, zai riƙa wuni da shi ranakun aiki, kuma yayan nata zai riƙa zuwa duk ƙarshen mako na biyu.

Da ta koma aiki kowa ya riga ya ji. Babu wanda ya tare ta da maganar, amma tsokanar nan ta da ta ƙare. Masu gaishe ta suna gaishe ta, wasu kuma sukan sami abin dubawa a ƙasa in ta wuce. Ba ta ga laifinsu ba.

Bahago ya nemi a mayar da shi sashen lodi, inda zai riƙa bin motoci yana wuni a waje. Manaja ya amince. Ita ta buga takardar canjin. Ya shigo ya karanta a tsaye, ya sa hannu, ya ajiye biron a gefen tebur. Har ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce ƙanwarsa ta ce a gaishe ta da mai jiki.

Kafin ta tattaro abin da za ta amsa ya riga ya tsallaka farfajiya, direba na yi masa hon ya yi sauri.